Kawuna Mai Sa Kwana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ranar da saƙon ya iso mini Kalgo nake maimaita ta, a bakin murhu, a bakin rijiya, a kan dadduma, amma yau kwana ashirin da uku ke nan zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe. Jiya sau uku na share tsakar gida, har maigidana ya ce, "Ƙasar ma za ki ƙarar." Shi ne ya ba ni littafin rubutun nan, ya ce in ba zan iya faɗa ba to in rubuta.

Kawuna ne ya rasu, yayan Inna mahaifiyata, ciki ɗaya.

Da na isa Gwandu an riga an kai shi. Na tarar gidan ya cika har zaure, kuma rabin matan da ke zaune ban san su ba. Wasu da ƙafa suka zo daga Dalijan. Wata dattijuwa ta ce daga Wurogauri ta taso, mota biyu ta shiga, ba ta san kowa a gidan ba sai mamacin. Ta kama hannun Inna ta ɗora a kan cikinta ta saman zane, ta ce, "Taɓa nan ki ji ɗunki. Ranar da anka yanka ni, shi yas sa ni kwana, shi yat tashe ni. Allah shi tashe shi cikin salihai." Inna sai kai take kaɗawa.

Can kuma wasu 'yan mata masu aikin jinya suka shigo su huɗu, da fararen takalmansu. Suka durƙusa da ladabi, ɗayarsu ta ce, "Allah ya jiƙan Baba mai tura gado. Wallahi ba shi da faɗa."

Na ga yadda Inna ta ɗago ta dube ta. Yarinyar ba ta yi laifi ba, abin da ta tarar ta faɗa. Amma mutum ɗaya ne ake wa gaisuwa da suna biyu, kuma ni na san yadda aka yi sunan farko ya koma na biyu, domin da hannuna a cikin maganar.

Mu a nan kwana muke cewa, barci sai a rediyo. Shi ya sa duk garin Mai Sa Kwana suke kiran Kawu. Aikinsa a ɗakin tiyata yake, a wajen kan maras lafiya. Shi ke ɗora masa abin shaƙa a hanci har ya tafi, shi ke matsa baƙar jakar robar nan da ke ba shi iska, yatsunsa biyu a kan jijiyar wuya, har likita ya gama ɗinki. Bai yi makarantar abin ba. Elemantare ya yi, aji huɗu, aka ɗauke shi sharar ɗakin tiyata yana saurayi. Wani likita ɗan Indiya ya lura duk sanda numfashin maras lafiya ya canza, mai sharar nan ne ke fara ɗago kai kafin kowa. Sai ya karɓe tsintsiyar ya tsayar da shi kusa da shi. Likitan ya yi shekarunsa ya koma ƙasarsu, wasu suka zo suka tafi, Kawu yana nan a wajen kai, fiye da shekara ashirin.

Ran Asabar yake zuwa gida a kan babur ɗinsa. In mun kwanta da rana bayan azahar, mu yara, sai ka farka ka gan shi tsaye a kanka yana kallon ƙirjinka. Matarsa, wadda muke kira Goggo, takan ce, "Malam, ƙyale ɗiyan mutane, ba tiyata aka yi ba." Shi kuma ya ce, "Wanga yaro da baki shika numfashi, a duba mishi hanci." Ko a masallaci bai bari ba. Ya taɓa tare wani maƙwabcinmu bayan sallar Juma'a ya ce masa ya je asibiti, don ya ji yadda yake jan iska a sahu. Mutumin ya ce, "To kai salla kaz zo ko sauraren mutane?" Kawu ya yi istigfari, amma bai janye maganar asibitin ba.

Mutane sun ɗauka tunda sunansa ke nan, kwana yake rabawa a aljihu. Tsofaffi kan zo zaure su ce ido ya ƙi rufuwa, a taimaka musu da ɗan abin nan. Bai taɓa ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba. Yakan ce, "Sa mutum kwana ba aiki ba ne, ko sanda tana yi. Ni tashi nika tsaro."

Akwai abin da yake yi wanda ban ji wani na yi ba. Kafin ya ɗora wa mutum abin shaƙa, sai ya sunkuya ya tambaye shi a kunne, "Wane suna innarka ka kiran ka da shi?" Ba sunan yanka yake nufi ba, ba kuma wanda aka rubuta a kati ba. Sunan gida yake nema, irin wanda uwa ke laƙaba wa ɗa don kunyar faɗin na gaskiya. Manyan mutane da rawani sukan ji nauyi, su yi ƙasa da murya su faɗa. Mata su rufe fuska. Idan an gama aiki, da wannan sunan yake kiran mutum a hankali har ya buɗe ido. Ya ce ya sha gwadawa, sunan kati sai a kira sau biyar, na uwa sau ɗaya ya isa. Kuma bai taɓa fitar da sunan kowa ba. Goggo ta yi ta lallashinsa ya gaya mata na wani attajiri da aka yi wa aikin ƙaba, ya ce, "Ki tambaye shi da kanki, ga gidanshi can."

Ina amarya, ban cika shekara a Kalgo ba, na zo ganin gida na tarar da Kawu zaune a ƙofar ɗakin Inna ran Laraba, ranar da ba ya zuwa. Ya miƙo mini takarda. Ni ce 'yar sakandaren gidan, duk wasiƙar Turanci ni ake jira.

Daga ma'aikatar lafiya take, lokacin ba a ba mu jiha ba, komai daga Sakkwato yake zuwa. Na karanta sau biyu kafin in buɗe baki. An ce daga yanzu ba mai tsayawa a kan aikin sa barci sai wanda ya yi kwas, ya ci jarrabawa, hukuma ta yi masa rajista ta ba shi lasisi. Waɗanda suka daɗe a aikin an yi musu rangwame, za a ɗauke su kwas ɗin kai tsaye, da sharaɗi ɗaya: su kawo takardar gama sakandare. Wanda ba shi da ita a canza masa wurin aiki.

Ina neman yadda zan sauƙaƙa wa su Inna, sai na ɗauko kalmar da muke amfani da ita a Islamiyya. Na ce, "Cewa suka yi Kawu ba shi da shahada."

Goggo ta saki ludayi. "Wa? Wane kahiri yac ce haka? Mutumin da ka tada ni sallar asuba shekara talatin?"

Inna ta ce, "Ke, ba wagga shahada ba, ta boko."

"To su ce ta boko mana! Su bar haɗa mishi da imani."

Har Kawu sai da ya yi dariya. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na gani a wannan shekarar.

Na koma Kalgo abin yana cina. Ina tuƙa tuwo ina tunani, ina wanki ina tunani, kwatsam dabara ta faɗo mini, kuma wallahi a lokacin ji na yi kamar Allah ne ya buɗa mini. Kawu yana da ƙane, ɗan ƙanen babansu, muna ce masa Kawu Ƙarami. Sunan kaka ɗaya suka ci su biyun. A makarantar boko kuwa ta wancan lokaci ba a rubuta sunan uba, sunan gari ake liƙa wa yaro. Saboda haka su biyun suna ɗaya ne a takarda, harafi da harafi, da Gwandu a ƙarshe. Kawu Ƙarami ya gama sakandare, ya watsar da boko ya kama fataucin albasa, takardarsa na cikin adakar uwarsa ba abin da take yi. Ba hoto a jikinta. Shekarun haihuwa kuwa wa ya san na wani?

Ban yi shawara da maigidana ba, don na san abin da zai ce. Na ce masa Inna ba ta jin daɗi, na shiga mota. Kawu Ƙarami ko gardama bai yi ba, ya ce, "Ɗauki, ni ko albasa ba ta naɗe mini." Na cike fom ɗin da hannuna, na haɗa da takardar, na jira Asabar.

Kawu na cin tuwo a zaure na shimfiɗa su gabansa, ina murmushi kamar wadda ta kawo tsaraba. Ya dubi takardar ya daɗe. Yana iya karanta sunansa.

"Ta wa ce?"

"Taka ce, Kawu. Ba sunanka ne ba?"

"Na tambaye ki ta wa ce."

Na ce, "Ta Kawu Ƙarami ce. Amma ai ba wanda aka cuta. Aikin ka iya shi, ka fi masu takardar iyawa. Ƙofa kawai za ta buɗe maka ka shiga kwas, sauran da kanka za ka yi."

Ya wanke hannu, bai gama cin tuwon ba. Ya ce, "Ke ɗiyag ga, da munka kai ki makaranta, wanga munka aike ki ki koyo?"

Na fara kuka, amma ban yi shiru ba, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "To shi ke nan, ka bari su ba yara wurinka, su yi ta kashe mutane, kai kana nan da gaskiyarka."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "A ɗakin can, in likita yat tambaye ni, shina numfashi? Ba ya dubawa. Abin da nic ce shi ne. Hannunshi na cikin cikin mutum, da maganata shika aiki. Kina so in shiga ɗakin da sunan wani, in tsaya, a tambaye ni in amsa? Mayar mishi da abinshi. Kuma ki gaya ma mijinki gaskiyar abin da ya kawo ki, don Innarki lahiya lau take."

Ya hau babur ya koma ran Asabar ɗin, bai kwana ba.

Bai zauna haka nan ba, ya yi nasa ƙoƙarin. Ya je Sakkwato da abin da yake da shi: takardar elemantare da wata wasiƙar yabo da likitan Indiyan ya bar masa, duk ta karye a wajen ninki. Inna ta ce sau uku yana zuwa. Ma'aikacin da ya gani ya ba shi kujera, ya kira shi Baba, ya karanta wasiƙar har ƙarshe, sannan ya ce ba shi da ikon tsallake sharaɗin. Kawu ya ce a gwada shi, a kawo maras lafiya a gani. Aka ce masa ba a jarraba wanda bai yi kwas ba, kwas kuma ba a shiga sai da takardar. Daga baya ya sayi littattafan sakandare ya ce zai zauna jarrabawar daga gida. Mutumin da ya haura hamsin, da aiki tun safe. Ni ya kamata in koya masa, ni kaɗai ce a gidan zan iya. Bai neme ni ba, ni kuma kunya da ɗan fushi suka hana ni kai kaina. Littattafan suna nan a ɗakin Goggo, shafukan farko ne kawai suka yi datti. Duk cikin abin da ya faru, wannan ne ya fi hana ni zama.

Aka turo wani nas mai lasisi, magidanci mai natsuwa, aka mayar da Kawu tura gadon marasa lafiya daga ɗakin kwanciya zuwa ƙofar tiyata. Nan ne iyakarsa, ƙofar.

Mun zaci zai bar aikin. Inna ma ta ce ya bari ya dawo gona. Ya ƙi. Amma ya canza. In ya zo gida ba ya zama, daga zaure zuwa garke, daga garke zuwa bakin hanya. Goggo ta ce ko yana lazimi sai ta ga hannunsa na hagu yana buɗewa yana rufewa a kan gwiwa, yana matsa jakar da babu. Wani abokinsa ya taɓa zagin dokar a gabansa don ya faranta masa, Kawu ya ce, "A'a. Dokar ba ta yi ƙarya ba. Ba kowa yas samu likitan da nis samu ba, kuma ran mutum ba abin koyo da ka ba ne. Wanga da anka kawo ya san abin da ban sani ba. Ni na san in na ƙara magani numfashi zai yi ƙasa, shi ya san dalili." Can ya ƙara da cewa, "Hannunshi dai da sanyi. Na ce mishi shi riƙa murza su kahin shi taɓa mutane."

Ni kuwa kusan shekara biyu tsakanina da shi sai gaisuwa. In na durƙusa ya amsa, ya tambayi maigida, shi ke nan. Da can yakan ja ni da wasa, ya ce 'yar boko ta zo a ɓoye kurakurai. Duk ya daina.

Haihuwata ta biyu ta zo da gardama. Tun safe ake abu ɗaya, da hantsi ungozoma ta ce a nemi mota. A asibitin da Kawu yake aiki likita ya ce sai an yi tiyata. Ina kwance ina kallon silin, tsoro ya cika ni har ban iya haɗa addu'a, sai na ji gadon ya motsa. Na ɗaga ido na ga fuskarsa a juye a saman kaina, da hular ma'aikata. Yana tura gadon a hankali, in an zo wajen da siminti ya fashe sai ya ɗaga ƙafafun gaba don kada in ji.

Daf da ƙofa ya tsaya, ya sunkuyo, ya ce, "Wane suna innarki ka kiran ki da shi?"

Shi da kansa ya laƙaba mini sunan ina jaririya, Inna ta ɗauka. Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya ce, "Ba shi nit tambaye ki ba."

Na faɗa masa. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya juya ga nas ɗin da ya fito karɓata, ya faɗa masa a kunne, ya ce, "Ɗiyata ta. Da wanga za ka kira ta." Nas ɗin ya ce, "To, Baba," ya murza tafin hannunsa kafin ya kama gadon. Ƙofa ta rufe, Kawu yana waje. Ashe abin da yake yi wa kowa ke nan duk shekarun, yana karɓar suna a baranda yana miƙa wa mai lasisi.

Da na farka yana zaune a bakin gado da jaririn a hannu, yana kallon ƙirjinsa. Ya ce, "'Yar boko, wanga da hanci shika numfashi. Ya yi."

Ya yi ritaya bayan an ba mu jiha da 'yan shekaru. Ciwonsa bai yi tsawo ba, kwana tara, a ɗakinsa na Gwandu.

Ran sadakar bakwai, bayan an yi addu'a maza sun watse, aka shigo da ambulan daga asibitin, wasiƙar ta'aziyya ce da Turanci. Mata sun cika ɗakin Goggo. Inna ta miƙo mini ta ce, "Karanta muna mu ji mi sunka ce da yayana."

Wasiƙa ce mai kyau. An yabi haƙurinsa da riƙon amanarsa da zuwa aiki a kan lokaci. Amma a layin farko, bayan sunansa, an rubuta muƙaminsa kamar yadda yake a fayil: mai tura gadon marasa lafiya. Babu kalma ɗaya a kan shekara ashirin da ya yi a wajen kai, don babu takardar da ta taɓa cewa ya yi.

Ba mai jin Turanci a ɗakin sai ni. Inna ta zuba mini ido, idanun sun kumbura. Kalma uku kawai zan canza, in ce mai sa kwana, ta ji sanyi har ƙarshen ranta, kuma ba ƙarya ba ce, ya yi aikin. Bakina har ya buɗe a kan haka.

Na karanta yadda aka rubuta.

Goggo ta ce, "Allah shi saka musu, sun dai tuna da shi." Inna ta miƙo hannu. Ta karɓi wasiƙar ta ninke ta tura ƙarƙashin tabarma, ta juya fuska wajen bango. Da zan koma Kalgo na durƙusa yi mata sallama, ta ce, "Ke da shi halinku ɗaya, ba ku san a tausaya ma mutum ba." Ban san ko faɗa ta yi mini ba ko yabo, kuma ban tambaya ba.

To ga shi na rubuta abin da wasiƙar ba ta faɗa ba, da hannuna, ba da sunan kowa ba. Ba ni da hatimi, ba ni da ikon ba kowa lasisi. Na dai gani da idona, akwai kuma mata daga Dalijan har Wurogauri masu ɗinki a ciki da za su ce haka ne. Jibi in Allah ya kai mu zan shiga mota in kai wa Inna, in karanta mata da Hausa tun daga farko, har da wurin da na yi laifi, wanda ba ta taɓa sani ba.

Ya Allah, bawanka ya tsare numfashin bayinka bai ci amana ba. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya zuciyar Inna da ta Goggo. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.